Shuɗiyar Kula da Ƙafar Baba

Har yau idan na ga shuɗiyar kula, irin mai farin murfin nan da hannu ɗaya, sai in kau da kai. Ko a gidan biki ba na shan ruwan da aka ciro daga cikinta, mutane su ɗauka iyayi ne na wadda ta yi boko. Ba iyayi ba ne, haushi ne. Na daɗe ina raba wa mutane haushin nan, wannan ya samu, wancan ya samu, kafin in yarda cewa kaso mafi tsoka nawa ne.

Baba yana da ciwon suga. Shekarar da na ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, aka ce ƙwayoyi sun daina yi masa aiki, sai allura, safe da la'asar, kuma shi da kansa ya koyi soka wa cinyarsa. Ruwan allurar, insulin, a wata 'yar kwalba yake zuwa wadda ba ta kai babban yatsa ba. Majo, wato shugaban ɗakin shan maganin da ke duba shi, ya ja mana kunne cewa kwalbar nan ba ta shiri da zafi. In ta daɗe a wuri mai ɗumi ƙarfinta tafiya yake yi, a yi ta soka wa mutum ruwan banza. To ƙauyenmu yana can bayan Dumega, inda hanya ta zama yashi zalla, babu wutar lantarki balle firigo na sanyaya kaya. Majo ya ce a samu tukunya biyu, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙawa.

Ba mu je nema ba, don Gwaggo, yayar Baba, maginiya ce. Ta gina guda biyu musamman, ta ƙi goge musu baya, ta bar su da kaushinsu. Ita ta zaɓi inda za a ajiye su, ƙarƙashin rumfar zana da ke ƙofar ɗakin Baba, inda iska ke ratsawa. Ta yage tsohon zanenta mai ja da baƙi ta rufe bakin da shi. Kullum da safe da la'asar za ta shigo da ƙwaryar ruwa, ta zuba a yashin tana kewayawa, ta jiƙa ƙyallen, bakinta yana motsi ƙasa-ƙasa, ba mai jin abin da take cewa. Gwaggo 'yar bori ce, kowa ya sani a ƙauyen, ba ta ɓoyewa. In aka ja goge a wani gida doguwarta, wato iskar da take yi wa bori, takan hau kanta. Kafin in tafi jami'a na sha zura hannu cikin ƙaramar tukunyar in ɗauko wa Baba kwalbarsa, in ji ta da sanyi kamar gindin randa, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Fizik na je karantawa, wato kimiyyar zafi da haske da motsi. Ni ce ta farko a zuri'armu da ta taka jami'a, Baba ya daina kirana da sunana, ya koma ce mini Malama. A zango na biyu muka shiga darasin zafi, haɗe da ɗan abin da ya shafi haske da ƙwayar zarra. Malaminmu yakan shigo babban zauren da muke kira amfi da wasu takardu da suka yi ja don tsufa, ya juya mana baya, ya yi ta karantowa muna rubutawa. Misalansa duk na ƙasar da ba mu taɓa gani ba ne: yadda ake ɗumama gida idan dusar ƙanƙara ta rufe shi, yadda tafki ke daskarewa daga sama. Mu kuwa muna zaune gumi yana bin bayanmu, muna fifita da littattafai. Akwai wani gwangwani da ake kira kalorimeta, gwangwani ne cikin gwangwani da auduga a tsakani, wanda ya kamata mu yi gwaji da shi mu ga yadda zafi ke tafiya. Yana nan a kabad ɗin gilas, a kulle, an ce mai makullin ya yi tafiya. Zango guda muna zana shi a takarda. Abin da malam ya fi nanatawa shi ne, akwati nagari shi ne wanda ba ya barin zafi ya shiga ko ya fita. Na haddace wannan kamar karatun allo.

Ranar da ya zo kan ɓoyayyen zafi, wato zafin da ruwa ke kwashewa ya tafi da shi idan zai zama tururi, layi biyu ya yi a kai. Wani ɗan ajinmu, mutumin Sukukutane, ya ɗaga hannu ya ce ko shi ya sa ruwan randa ke sanyi? Malam ya juyo ya dube shi ta saman tabarau ya ce nan jami'a ce, ba kasuwar tukwane ba. Amfi ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga tebur, ni jikar maginan tukwane. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da ban yafe wa kaina ba, shi kuma malamin ban yafe masa amsar ba. An kawo masa darasin nasa har gida a cikin tambaya ɗaya, ya sa ƙafa ya shure.

A lokacin kaina ya kumbura ƙwarai. In na kira gida ba na gaisuwa mai tsawo, sai in hau ba Baba labarin abubuwan mamaki. Na ce masa akwai hasken da ido ba ya gani, yana ratsa nama ya nuna ƙashi, akwai kuma wanda ke fita daga jikin mutum cikin duhu. Ya ce ikon Allah, ya sa na maimaita don Inna ta ji.

Yayana yana da shago a Dogon Dutsi, yana sayar da robobi da fulas da kuloli da yake ɗaukowa daga tsallaken iyaka. Ba zan ci haƙƙinsa ba, shi ke karɓo wa Baba magani duk wata, ya naɗe kwalbar da ƙanƙara a leda, ya sheƙo da babur cikin yashin nan kafin ta narke. Bai taɓa fashi ba. Amma a 'yan shekarun nan ya shiga cikin samarin kasuwa masu zaman wa'azi, ya ɗage wando, ya daina cin abincin gidan Gwaggo, gaisuwa ma daga nesa yake yi mata. Wata la'asar ya iso da maganin ya tarar da ita tsugune gaban tukunya, ga jan ƙyalle da baƙi, ga ruwa tana zubawa a kewaye, ga baki yana motsi. Shi a wurinsa magana ta ƙare, shayar da iska take yi a ƙofar ɗakin ubansa, kuma a kan maganin da za a sa masa a jini. Ya ce sai an ɗauke. Baba ya ce ba a ɗaukewa. Suka yi kwana biyu a kan haka, a na uku Yaya ya dawo da shuɗiyar kula sabuwa fil a bayan babur, ya kira ni.

Ina kan layin karɓar abincin rana a jami'a, bazara ta fara kankama, ina ta tsaki don layin ba ya tafiya.

"Ke, tambaya gare ni," in ji shi. "Ke da ke karatun zahi da sanyi. Maganin Baba, cikin tukunyal laka ya dace shi zamna, ko cikin kula?"

Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Gwangwanin da muke zanawa ne ya faɗo mini, da akwatin da ba ya barin zafi ya shiga. Ga kuma kunyar tukunya da aka koya mini a amfi.

"Kula mana," na ce. "Ai ita anka yi don haka. Tana da izolasiyon."

Har da Faransanci na ƙara, don maganar ta yi nauyi. Ban tambaye shi ina za su riƙa samun ƙanƙara ba. Ban tambaye shi inda za a ajiye ta ba. Sai na ji muryar Baba, ashe wayar a buɗe take kowa yana ji.

"Malama, ke ta?"

"Ni ta, Baba."

"Kin ce a ɗauke tukunyag Gwaggonki?"

"A ɗauke, Baba. Kula ta hi."

Ya ce, "To. Tunda ke kinka ce."

Layi ya motsa, na kashe waya na miƙa farantina. Shinkafa da wake aka zuba mini, ina tunawa, har na yi faɗa da mai rabon don ta rage mini miya.

Abin da ya biyo baya daga bakin Inna na ji shi, daga baya. Ranar farko akwai ƙanƙarar da Yaya ya zo da ita, kowa ya taɓa kwalba ya ji sanyi ƙarara, aka yi ta sa masa albarka. Washegari ƙanƙara ta zama ruwa, Inna ta zubar, ta goge kular tas ta mai da kwalbar. Kaya mai kyau irin wannan ba a barinsa a rumfa awaki su taka, sai aka shigar da ita ɗakin Baba mai rufin kwano, aka ɗora a tebur, Inna ta lulluɓe ta da ƙyalle mai ɗinkin fulawa. Yaya ya ce kada a riƙa buɗewa barkatai don kada sanyin ya gudu. Shi a iya saninsa kula sanyi take yi, don duk kular da ya taɓa buɗewa a tasha da ruwan sanyi ya same ta. Tukwanen kuwa ya kai su bayan gida ya jingine. Gwaggo ta zo da ƙwaryarta da la'asar, ta ga wurin wayam, ta ɗauki ƙyallenta daga ƙasa ta kaɗe, ta juya. Ba ta sake taka gidan ba.

Ana cikin sharar gona kututturen sabara ya huda takalmin Baba ya soke shi a tafin ƙafar hagu. Ciwo ne da manomi ba ya ko ambata. Amma wannan ya ƙi rufewa. Duk kiran da na yi sai Inna ta ce ƙafar dai tana nan, kuma yana ta shan ruwa kamar ba gobe, yana ta fita fitsari, yana ramewa. An kai shi wurin majo, ya wanke ciwon, ya ƙara yawan allurar, ya tambaya ko maganin yana wuri mai sanyi. Inna ta ce yana cikin kula, sabuwa ma. Ya ce madalla. Bayan sati biyu ya sake ƙarawa.

Ƙauye kuma ya rabu biyu. Tsofaffin mata suka ce an wulaƙanta Gwaggo, doguwarta ce ta yi fushi ta kama ƙafar, sai an ba ta haƙuri da baƙar akuya. Yaya ya ce ai ga shi nan, wannan shi ne shaidar cewa da wani abu a tukunyar tun farko. Ya kwaso abokansa daga Dutsi suka yi wa ɗakin karatu, suka bar man zaitun da habbatus sauda. Wata biyu cur ana jan wannan magana, su suna cewa iska, shi yana cewa iska, bambancinsu kawai yadda za a yi da ita. Ni kuma mai ilimin ina can ina haddar lissafin gwangwani. Na rubuta jarrabawar zafi na samu sha shida bisa ashirin, na kira Baba na faɗa masa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, amma ya ce Allah shi ƙara, ya ce a gaya wa maƙwabta.

Da aka ba mu hutu, gab da faɗuwar damina, na hau mota zuwa Dutsi, daga can na hau babur ɗin kabu-kabu. Tun daga ƙofar ɗaki warin ya tare ni. Baba yana kwance a tabarma, ya zama rabin yadda na bar shi, ƙafar a naɗe da tsumma, yatsu biyu da suka leƙo sun yi baƙi. Ɗakin kuwa kwano ya gasa shi tun safe, ko numfashi da ƙyar. Ya yi murmushi ya ce Malama ta iso. Muna cikin gaisawa aka kira la'asar, Inna ta ce in miƙo masa maganin tunda yanzu ba ya iya tashi.

Na yaye ƙyallen fulawa na buɗe murfin. Wani huci mai warin roba ya bugi fuskata. Cikin kular a bushe ƙayau. Na ɗauki kwalbar na ji ta da ɗumi kamar ƙwan da aka ciro daga ƙarƙashin kaza.

"Inna, ina ƙanƙarar?"

"Wace ƙanƙara?"

"Wadda aka sawa ciki."

"Yo ina muka ganin ƙanƙara nan? Sai ran da yayanki ya zo. Ai kula ta, ita ka yin sanyinta."

A tsaye nake da kwalba a hannu duk abin da na rubuta a zango guda ya dawo mini, a karon farko da ma'ana. Akwatin da ba ya barin zafi ya shiga ba ya ƙirƙirar sanyi, abin da aka ba shi yake riƙewa, shi ma na ɗan lokaci. In ba a ba shi komai ba, kwana ɗaya ya isa cikinsa ya zama daidai da ɗakin da yake, har ya riƙe zafin rana ya kwana da shi. Tukunyar Gwaggo kuwa aiki take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta kaushin bayanta, iskar rumfa tana kwashe shi, shi kuma yana tafiya da zafin da ke ciki. Layi biyun nan ne da na ja wa jan biro, tambayar mutumin Sukukutane ce. Na san amsar tun kafin Yaya ya kira ni, na ci maki da ita, kuma ban gane ta ba da ta zo mini da muryar ubana.

Na zagaya bayan gida. Tukwanen suna nan, babbar ta tsage, kaza ta yi ƙwai a cikin ƙaramar.  Na dawo na naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma na rataye a rumfa, ko da yake na san aikin gama ya gama. Na kira Yaya na ce ya zo da mota da sassafe, ya zo da sabuwar kwalba.

Da ya iso ban bari ya sauke ƙafa ba. A tsakar gida, gaban Inna, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni ba. Na ce wata biyu yana dafa maganin ubanmu a tukunyar roba. Na ce mai sayar da kula bai san kula ba, ya tara mutane suna karatu a kan abin da hannu ɗaya zai gano. Ya saurara har na gama, idonsa ya yi ja.

"Ke kinka ce," ya ce. "Ni ban yi karatun lakkwal mai nisa ba. Na tambayi wadda ta sani, gaban Baba, kinka ce kula ta hi."

"Ba don ka sani kat tambaye ni ba. Sanda kaka biɗa da za ka bugi Gwaggo, ni ko na miƙa maka."

Bai musa ba, ni ma ban musa tasa ba. Inna ta ce mu ji tsoron Allah, mutum yana kwance yana jinmu.

Kafin a gama shimfiɗa wa Baba a mota na ruga gidan Gwaggo. Na same ta tana kwaɓa laka, ba ta ɗago ba. Na gaishe ta, na ce za mu kai ƙanenta asibiti. Sannan na tambaye ta abin da ke cina, na ce me take faɗa in tana zuba ruwan nan.

"Yo mi za ni ce? Ubanki nika zagi, da ba shi barin shan shayi mai suga a ɓoye. In na ƙare da shi in koma kan awakin uwarki." Ta dunƙula laka ta buga a ƙasa. "Doguwata ba ta san wani suga ba. Tukunya dai in ba ta yi zuhwa ba, ba ta sanyi. Wanga ko ɗiyan goye sun san shi."

"To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Na hwaɗi. Anka ce mai jami'a ta yi magana."

Na so in ce mata duk da haka ai ƙanenta ne, gida uku ne tsakaninsu, wata biyu tana jin yana lalacewa ta zauna tana jiran a zo ba ta haƙuri. Ita ma ina jin haushinta har yau, ba zan ɓoye ba. Amma a ranar ba ni da bakin faɗa mata. Ta wanke hannu ta yafa zane ta biyo ni, ta shiga motar ta ɗora kan Baba a cinyarta. Yaya yana gaba, bai waiwayo ba har muka isa Dutsi.

Likita ya kwance tsumman ya duba, bai daɗe ba ya kira mu waje. Ya ce ruɓar ta wuce idon sawu, in ana son ransa sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Na ciro tsohuwar kwalbar na nuna masa, na ba shi labarin kular. Ya ɗaga ta a haske ya girgiza kai, ya ce wannan kam ta tashi daga aiki. Na tambaye shi ko da tukunyar tana nan da ƙafar ta tsira. Ya ce ba zai rantse ba, masu suga suna rasa ƙafa ko da magani mai kyau, ga shi kuma an makara da kawo shi. Ya ƙi ba ni abin da nake nema, wato ya ce laifina ne ko ya ce ba nawa ba ne. Washegari aka yi aikin.

Muna asibitin ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, irin wanda ake shuka da shi. Baba ya ji ƙamshin ƙasa ta taga ya ce a ɗaga shi ya gani. A wurinmu in za a yi shuka, mutum ɗaya yana gaba da sungumi yana sara, na baya yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Baba ya fi son bin baya, da diddigen hagu yake rufewa, yana tafe yana 'yar waƙarsa, ba a cim masa. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tambaya wa zai shuka gonar tudu. Yaya ya rufe shago ya tafi ya shuka, shi da Inna, layukan duk a karkace.

Da muka dawo gida mun tarar da sababbin tukwane biyu a rumfa, da yashinsu a jiƙe, da ƙyallen nan mai ja da baƙi. Yaya ya gani ya kau da kai. Har yau ba ya cin abincin gidan Gwaggo, ita ma ba ta yi masa tayi. Kular ya mai da ita shago, na ji an ce ya sayar. Ni na karɓi aikin zuba ruwan har hutu ya ƙare.

Wata safiya ina tsugune ina jiƙa yashin, Baba yana zaune a kujera kusa da ni, dungun ƙafar a kan matashi. Na yi kwanaki ina juya maganar a ciki, ranar na ce sai ta fita. So nake ya zage ni, ko ya ɗaga murya sau ɗaya, in samu abin riƙewa.

"Baba, ni nic ce a ɗauke tukunyar nan. Ni nij jawo maka."

"Na sani, ai ina wurin," ya ce, ba tare da wani zafi ba. Ya miƙa hannu na ba shi kwalbar, ya juya ta a tafinsa. "Kin ji wagga da sanyi. Waccan ko kullum nid ɗauka sai in ji ta da ɗumi. Sahe da marece."

Na saki ƙwaryar. "Kana ji? Wata biyu kana jin ta da ɗumi, ba ka hwaɗa ma kowa ba?"

"Ba ke kinka ce mani akwai hasken da ido ba shi gani ba? Sai nic ce ƙila wanga ma irin sanyinku na na boko, wanda hannu ba shi ji."

 Mutumin da ya shekara sittin yana gane ruwan sama daga ƙamshin iska, yana gane zazzaɓin yaro da bayan hannu, ya ƙaryata tafin hannunsa sau biyu a rana don 'yarsa ta yi magana da Faransanci a kan layin shinkafa. Raina ya ɓaci, kuma babu wanda zan sauke wa a wurin.

Ya soka allurarsa, ya miƙo mini kwalbar na mai da ita cikin tukunya na rufe. Sannan ya ce yana son a kai shi ya ga gonar tudu, in ɗauko masa takalmi da sandunansa. Na shiga ɗaki na duƙa ƙarƙashin gado, na fito da takalman biyu a hannuna. Sai da na kai bakin ƙofa na tuna, na koma na ajiye na hagun.